Taƙaitaccen Tarihin Likita Robert Koch da Yadda Ya Gano Ƙwayar Tarin Fuka

Gabatarwa

Tarin fuka, wanda kuma ake kira tibi, tsohuwar cuta ce wadda Bahaushe ya daɗe da saninta. Ya san alamominta sarai: tari wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da zazzaɓin maraice, da gumin dare, da rama, har ta kai ga mutum yana tofar da jini. Abin da ya ɓuya masa shi ne sanadinta. Wasu sun ɗauka gado ce da ke bin jini, wasu suka ce sammu ne, wasu kuwa suka danganta ta da sanyi ko ƙura. Ba Hausawa kaɗai ke cikin wannan duhu ba, domin har wajen ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai da yawa suna kan ra'ayin cewa gadonta ake yi. Wanda ya raba gardama shi ne wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch, wanda ya nuna wa duniya ƙwayar cutar ƙuru-ƙuru a cikin madubin likita, watau na'urar nan mai ƙara girman abin da ido ba ya iya gani.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar wannan mutum tun daga haihuwarsa har zuwa rasuwarsa, da nasarorinsa da kurakuransa. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci kulawar mai karatu a ƙasar Hausa shi ne, a ƙauye ya fara bincikensa, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Har ila yau, matsalar da ya sa a gaba, watau yadda za a ga cutar kafin ta gama da mai ita, tana nan tana jiran a ƙarasa warware ta a garuruwan karkara irin su Zakirai ta ƙaramar hukumar Gabasawa a Jihar Kano.

Haihuwarsa da Neman Ilminsa

An haifi Robert Koch ranar 11 ga Disamba, 1843, a garin Clausthal, wani gari na mahaƙan ma'adinai a cikin duwatsun Harz na ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Hermann Koch, ma'aikaci ne a hukumar haƙar ma'adinai, mahaifiyarsa kuwa sunanta Mathilde. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya 13 da suka haifa. Tun yana ɗan shekara biyar ya koya wa kansa karatu da jaridun da ke gidansu, kuma ya taso da sha'awar tattara tsirrai da ƙwari da duwatsu yana nazarinsu.

A shekarar 1862 ya shiga Jami'ar Göttingen. Da farko ilmin kimiyya ya sa a gaba, daga baya ya koma fannin likita. A cikin malamansa akwai Jacob Henle, wanda tun a 1840 ya bayyana ra'ayin cewa wasu ƙananan halittu masu rai su ne ke ɗaukar cuta daga wannan jiki zuwa wancan. A wancan lokaci ra'ayi ne kawai wanda ba a kafa masa hujja ba. Ƙananan halittun kansu an daɗe da ganinsu, gama tun a ƙarni na 17 wani ɗan kasuwar yadi na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya hango su da wani ɗan madubi mai gilashi ɗaya wanda bai fi tafin hannu ba. Abin da ya rage shi ne a tabbatar cewa wannan ƙwaya ita ce ke haddasa wannan cuta.

Koch ya sami digirinsa na likita a 1866. Ya yi ɗan aiki a babban asibitin Hamburg, sa'an nan ya auri Emmy Fraatz a 1867, suka haifi 'ya ɗaya mai suna Gertrud a 1868. Shekarun nan ya yi su ne yana ƙaura daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, yana neman inda aikin likita zai riƙe shi da iyalinsa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Jamus da Faransa a 1870, sai ya ba da kansa ya yi aiki a asibitocin soja.

Zamansa a Wollstein

A 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a Wollstein, wani ƙaramin gari na manoma da makiyaya wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan, ana kiransa Wolsztyn. Aikinsa a nan shi ne duba marasa lafiya, da yin lamba, da lura da ɓarkewar annoba a tsakanin mutane da dabbobi. Babu jami'a kusa da shi, babu ɗakin karatu, babu kuma wani masani da zai yi shawara da shi. Sai ya rataya labule ya raba ɗakin da yake ganin marasa lafiya biyu, ya mai da ɓangare ɗaya wurin bincike. A nan ya ajiye madubinsa, ya kuma riƙa kiwon ɓerayen da zai yi gwaji da su.

Cutar da ta fara jan hankalinsa ita ce ciwon saifa na dabbobi, wanda ke kashe tumaki da shanu farat ɗaya, ya kuma kama masu fiɗa da masu jima. Wasu masana kafinsa, irin su Davaine na Faransa, sun riga sun ga wasu abubuwa masu kama da 'yan sanduna a cikin jinin dabbar da ta mutu da wannan ciwo. Amma akwai tambayar da ta gagare su. In dai waɗannan 'yan sanduna ne sanadin cutar, alhali kuwa ba su daɗewa a raye in sun bar jiki, me ya sa makiyayar da dabba ta mutu a cikinta takan ci gaba da kashe dabbobi shekara da shekaru?

Koch ya riƙa fiƙe ɗan tsinke ya dangwali jinin dabbar da ta mutu, ya soka wa ɓera a gindin wutsiya. Kashegari sai ya tarar da ɓeran ya mutu, saifarsa cike da 'yan sandunan nan. Daga nan ya nemi hanyar da zai rene su a wajen jiki. Ya ɗebi ruwan da ke cikin ƙwayar idon sa, ya ɗiga a kan gilashi, ya sa ƙwayoyin a ciki. Da yake ba shi da na'urar ɗumama su, sai ya haɗa tasa da fitilar kananzir da faranti mai jiƙaƙƙen yashi. Ya zauna yana kallo har ya ga sandunan sun miƙe sun zama zare, zaren kuma ya fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi masu tauri waɗanda ke jure fari da zafi. Su ne ke kwanciya a ƙasa kamar yadda irin ciyawa ke kwanciya duk rani, ranar da suka shiga jikin dabba sai su farka.

A watan Afrilu na 1876 ya ɗauki madubinsa da ɓerayensa ya tafi Jami'ar Breslau, ya nuna wa Ferdinand Cohn, wanda shi ne babban masanin ƙananan halittu na Jamus a lokacin. Cohn ya gamsu, ya buga sakamakon a mujallarsa a wannan shekara. Sauran shekarun da Koch ya yi a Wollstein ya ƙarar da su wajen kyautata gani. Ya ƙware a shafa ƙwayoyin cuta a kan gilashi a busar da su a rina su, kuma a 1877 ya buga hotunansu waɗanda ya ɗauka da hasken rana. A 1878 ya fara amfani da sababbin gilasan kamfanin Zeiss waɗanda Ernst Abbe ya tsara, ciki har da wanda ake ɗiga wa mai domin hoto ya fito tangaran. Wannan gilashi mai ɗigon mai shi ne har yau ake duba majinar mai tarin fuka da shi.

Gano Ƙwayar Tarin Fuka

A 1880 gwamnati ta kira shi Barlin ta ba shi aiki a Ofishin Lafiya na Daula, tare da mataimaka biyu, Friedrich Loeffler da Georg Gaffky. A nan ya daidaita hanyar renon ƙwayoyin cuta a kan abu daskararre, domin kowane iri ya tsiro a wurinsa ba tare da ya cuɗanya da wani ba. A watan Agusta na 1881 ya juya kan tarin fuka. Bisa ƙididdigar da shi kansa ya kawo, a wancan zamani mutum ɗaya cikin kowane bakwai da suka mutu, wannan cuta ce ajalinsa. Wani likitan Faransa mai suna Villemin ya riga ya nuna a 1865 cewa ana iya ɗaukar cutar daga mutum a sa wa zomo, amma ba wanda ya kafa hujja a kan abin da ake ɗauka ɗin.

Wuyar aikin ta taso ne daga halin ƙwayar kanta. Siririya ce ƙwarai, tsawonta bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin dubu na milimita ba. Jikinta a lulluɓe yake da wani maiƙo mai kama da kakin zuma wanda ke hana rini shiga, saboda haka ko an sa ta a ƙarƙashin madubi sai ta saje da abin da ke kewaye da ita. Bugu da ƙari, ga ta da nawa: wasu ƙwayoyin cuta sukan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu.

Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san baba ba ya kama zane sai an haɗa shi da toka. Irin wannan dabara ce ta fisshe shi. Koch ya ɗauki wani shuɗin rini ya ƙara masa ɗan sinadari mai kaifi irin na ruwan toka, ya tsoma gilashin a ciki ya bar shi kwana ɗaya cur. Bayan haka ya zuba wani rini mai ruwan ƙasa, wanda ya kori shuɗin daga ko'ina, ban da jikin ƙwayoyin. Da ya leƙa sai ya ga 'yan sanduna shuɗɗa, sirara, wasu da ɗan lanƙwasa, kwance a cikin fili mai ruwan ƙasa.

Ganin ƙwayar bai ishe shi hujja ba, domin mai gardama zai iya cewa baƙuwa ce da ta tarar da cuta ta zauna. Sai ya dafa ruwan jinin dabba har ya daskare, ya shuka ƙwayar a kai, ya ajiye a ɗumi irin na jikin mutum. Kwana ɗaya, kwana biyu, mako guda, ba abin da ya fito. Wani da sai ya zubar, amma mahaƙurci mawadaci: bayan kwana goma zuwa mako biyu sai ga wasu busassun ɓawo-ɓawo sun bayyana. Ya yi ta dasa su daga wannan kwalba zuwa waccan har ya tabbata ba abin da ya rage na jikin mara lafiyar farko, sa'an nan ya sa wa ɓerayen Masar masu lafiya. Suka kamu da tarin fuka, ya kuma sami ƙwayar nan dai a jikinsu. Waɗannan matakai, watau a sami ƙwaya a jikin mai cuta, a rene ta ita kaɗai, a sa wa mai lafiya ta haifar da cutar, su ne aka san su daga baya da sunan ƙa'idojin Koch.

Da maraicen ranar 24 ga Maris, 1882, ya gabatar da sakamakonsa a gaban wata ƙungiyar masana a Barlin. Ya jera madubai a kan tebur domin kowa ya leƙa da idonsa, gani ya kori ji. An buga jawabin ranar 10 ga Afrilu, kuma cikin 'yan makonni labari ya game duniya.

Daga cikin waɗanda suka halarci taron akwai wani matashin likita, Paul Ehrlich, wanda nan da nan ya sauƙaƙa hanyar rinin. Ya lura cewa in jan rini ya shiga ƙwayar, ko an wanke da ruwan asid ba ya fita. Franz Ziehl da Friedrich Neelsen suka ƙara gyara a 1882 da 1883, shi ya sa ake kiran hanyar da sunayensu. Ga yadda take: a shafa majinar ƙirji a kan ɗan gilashi, a busar, a gitta a kan harshen wuta, a zuba jan rini a ɗumama har ya yi tururi, a wanke da asid, a bi da shuɗi. In akwai cutar, sai a ga jajayen sanduna a cikin shuɗin fili. Aikin da ya ci wa Koch kwana guda ya dawo ƙasa da awa ɗaya, kuma ba ya bukatar komai sai madubi da rini da fitila da ƙwararren ido.

Ɗaukaka da Tuntuɓe

A 1883 gwamnatin Jamus ta tura shi Masar binciken kwalara, daga can ya wuce Kalkata ta ƙasar Indiya, inda a 1884 ya tabbatar da ƙwayar cutar ya kuma danganta ta da ruwan kududdufin da mutane ke sha. Ya komo gida aka yi masa tarbar jarumi, aka ba shi kyautar mak 100,000, kuma a 1885 ya zama farfesa a Jami'ar Barlin.

Amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A watan Agusta na 1890, a babban taron likitocin duniya a Barlin, Koch ya sanar cewa ya sami wani abu mai tsayar da tarin fuka a jikin dabbobin gwaji. Wannan shi ne ruwan da aka sa wa suna tuberculin, wanda aka tatso daga ƙwayoyin cutar kansu, ko da yake da farko ya ɓoye yadda ake haɗa shi. Dubban marasa lafiya suka yi tururuwa zuwa Barlin. Ba a yi wata uku ba gaskiya ta fara fitowa: maganin ba ya warkarwa, wasu ma ya tayar musu da cutar har suka mutu. Rudolf Virchow, babban masanin cututtuka na Jamus, ya binciki gawawwakin waɗanda aka yi wa allurar a farkon 1891, ya nuna cutar ba ta mutu ba. Mutumin da ya yi haƙurin mako biyu a kan kwalba ɗaya ya yi garaje a kan rayukan mutane, sunansa kuwa ya zube ƙwarai. Abin mamaki, ruwan da ya kasa zama magani ya zama ma'auni, domin a 1907 Clemens von Pirquet ya mai da shi gwajin fata wanda ke nuna ko ƙwayar ta taɓa shiga jikin mutum.

Ya sake yin wani kuskuren a 1901 a wani taro a Landan, inda ya nuna cewa tarin fuka na shanu ba shi da wani hatsari ga mutane. Bincike ya tabbatar da akasin haka, musamman ga yara masu shan ɗanyar madara. Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda nono da kindirmo suke cikin abincin yau da kullum, kuma shi ya sa malaman lafiya suke horo da a tafasa madara.

Duk da haka, a 1891 aka buɗe masa cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa a Barlin, wadda yau take ɗauke da sunansa. A 1893 ya rabu da matarsa ta fari ya auri Hedwig Freiberg, abin da ya jawo masa tsegumi a tsakanin mutanen zamaninsa.

Tafiye-tafiyensa a Afirka da Rasuwarsa

Mafi yawan shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a kan hanya, madubinsa a cikin akwati. A ƙarshen 1896 ya isa Afirka ta Kudu domin binciken bushiya, annobar shanun nan wadda 'yan shekaru kaɗan kafin haka ta share garken Fulani a ƙasashen Hausa da Barno. A 1897 yana Bombay ta Indiya kan annobar da ɓeraye ke yaɗawa, daga nan ya bi zazzaɓin cizon sauro zuwa Afirka ta Gabas da Italiya da Jawa da Sabuwar Gini. A 1905 aka ba shi lambar Nobel saboda aikinsa a kan tarin fuka.

A 1906 da 1907 ya zauna a tsibiran Sese na Tafkin Biktoriya, a ƙasar Yuganda ta yanzu, yana binciken ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa. A can ya nuna cewa ana iya kafa madubi a cikin bukka ko tanti a duba jinin ɗaruruwan mutane. A can ne kuma ya bar tabo mafi muni a tarihinsa. Ya gwada wani magani mai guba, atoxyl, a kan 'yan Afirka marasa lafiya, ya riƙa ƙara yawansa har wasu suka makance, ya kuma ba da shawarar a killace masu ciwon a sansanoni. Ya yi haka ne a ƙarƙashin inuwar mulkin mallaka, inda ba a neman yardar talaka kafin a taɓa jikinsa. Masana tarihi na Jamus da na Afirka sun yi ta tattauna wannan al'amari, kuma ba daidai ba ne a ba da tarihinsa a tsallake shi.

A watan Afrilu na 1910 ciwon zuciya ya buge shi. Ya tafi jinya garin Baden-Baden, inda ya rasu ranar 27 ga Mayu, 1910, yana da shekara 66. An ƙone gawarsa bisa wasiyyarsa, aka ajiye tokar a cibiyarsa ta Barlin.

Gadon da Ya Bari da Halin Karkara

Koch ya mutu bai ga maganin tarin fuka ba. Allurar rigakafi ta BCG sai a 1921 aka fara yi wa mutum, maganin streptomycin aka gano shi a 1943, isoniazid ya biyo baya a 1952. Yau cutar tana warkewa da shan magani na wata shida. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da ita, wajen miliyan 1.25 suka mutu, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ita. Babban dalili shi ne magani ba ya isa ga wanda ba a gano ba.

A nan ne batun Zakirai ya shigo. Garin yana arewa maso gabas da Birnin Kano, a cikin yankin nan mai cunkoson jama'a inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Mutane suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, musamman da hunturu in an rufe ƙofa da taga, samari kuma suna tafiya cin rani birane su komo. Ƙwayar tarin fuka a iska take tafiya, saboda haka irin wannan zama yana yi mata daɗi. Manomin da ke tari da damina, in aka ce sai ya bar noma ya biya mota zuwa Asibitin Zana a Kano, ya kuma sake komawa karɓar sakamako, sau da yawa sai ya haƙura ya sayi maganin tari a kemis. Kafin ya je asibiti ya riga ya raba wa iyalinsa. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma kuɗin mota da ranar aikin da aka rasa daga aljihunsa suke fita.

Saboda irin wannan hali masana suka daɗe suna neman madubin da zai je wurin mara lafiya. Tun a shekarun 1930 wani likitan Ingila, John McArthur, ya ƙera wanda ake sa wa a aljihu. A 2010 aka ƙera wani a Jami'ar Rice ta Amurka mai aiki da tocila da batir, kuɗinsa dala 240, kuma da aka gwada shi da majinar masu tari a ƙasar Iran sakamakonsa ya dace da na babban madubin asibiti a sama da kashi 98 cikin 100. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga madubai masu ƙananan ƙwayayen lantarki da ake kira LED, waɗanda ke sa ƙwayar cutar ta yi walƙiya a cikin duhu, suna aiki da batir ko hasken rana, suna kuma rage wa mai dubawa wahala. A 2014 Manu Prakash na Jami'ar Stanford ya fito da Foldscope, madubin takarda wanda kayan haɗinsa ba su kai dala ɗaya ba. Sai dai wanda aka fi yaɗawa yana ƙara girma sau 140 ne, alhali duba tarin fuka ta hanyar Ziehl da Neelsen yana bukatar sau 1,000.

Shi ma madubin yana da iyakarsa. Sai ƙwayoyi sun kai 5,000 zuwa 10,000 a cikin mililita ɗaya ta majina kafin a gan su, don haka yakan tsallake kusan rabin masu cutar, musamman yara da masu ɗauke da ƙanjamau. Ba ya kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa magani. Wannan ya sa a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar ta hanyar sinadarin halittarta cikin awa biyu, Nijeriya kuma ta mai da ita gwajin farko a 2016. Ita kuwa tana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi, abubuwan da suka yi ƙaranci a karkara, shi ya sa aka ƙaro irin su Truenat ta Indiya mai aiki da batir. Duk da waɗannan, madubi bai yi ritaya ba, domin da shi ake duba majinar wanda ke shan magani a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6, a ga ko ƙwayoyin sun ɓace.

Kammalawa

An ga yadda Robert Koch ya tashi daga likitan gunduma mai bincike a bayan labule, ya zama wanda ya kafa hujja cewa tarin fuka ƙwaya ce ke kawo shi, ba gado ba ne, ba kuma sammu ba. An ga kuma inda gaggawa da ƙarfin mulki suka kai shi ga cutar da waɗanda suka zo neman sauƙi a hannunsa. Tun daga 1982, shekara ɗari bayan jawabinsa, aka ware ranar 24 ga Maris domin tunawa da yaƙi da wannan cuta. Abin da ya gani a Barlin yana nan a cikin majinar mai tari a Zakirai da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma ana iya ganinsa cikin awa ɗaya in akwai madubi da rini da ma'aikacin da aka horar a kusa. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, hakkinsa ne a duba majinarsa a inda ƙafarsa za ta iya kai shi.